Gardama a Kan Mutum-Mutumin Ƙarfe

Masu kallon finafinan Indiya a Gyadi-Gyadi da Tarauni sun san Chitti, mutum-mutumin ƙarfen nan na Enthiran, wanda Shankar ya shirya a 2010. Da ci gabansa, watau 2.0, ya fito a 2018, sai baki ya rabu. Waɗansu suka ce ado ya cinye labari. Waɗansu kuwa suka yaba gargaɗinsa, wai turakun wayar salula suna hallaka tsuntsaye. Kamfanonin waya na Indiya har kuka suka kai wa hukumar tace finafinai, suka ce zancen ba shi da hujja. To, malamai, ga darasi a ɓagas. A koya wa yara rarrabe almara da ilmi, kada majigi ya riga mu.