Injunan Bincike da Mas'alar Isnadi

Duk wanda ya zauna da ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke garin Lafiya, wadda aka kafa a 2011, a lokacin da suke fafutukar haɗa kundin kammala karatu, zai lura cewa galibinsu, in mas'ala ta shige musu duhu, ba su san wata ƙofa da za su ƙwanƙwasa ba sai Google, alhali kuwa akwai wasu injunan bincike da suka daɗe suna aiki, kowanne da irin manhajinsa. Kamfanin Microsoft ya fito da Bing a 2009. Gabriel Weinberg ya kafa DuckDuckGo a Amurka a 2008, injin da ya yi alkawarin ba zai tara bayanan abin da mutum ya nema ba, Ecosia kuma, wanda aka kafa a Jamus a 2009, yana zuba ribarsa wajen dashen itatuwa.

Gwada su yana da fa'ida, musamman ga mai neman abin da ya shafi ƙasarmu. Wanda ya rubuta Nasarawa yana nufin jihar da aka ƙirƙiro a 1996, wani injin kan haɗo masa da ƙaramar hukumar Nassarawa ta Kano. Wanda kuma ya nemi kalma mai ƙ ko ɗ, sai ya sake nemanta ba lanƙwasa, domin marubuta da dama ba sa sa ta, kuma injunan ba su yi ittifaƙi kan yadda za su bi da wannan ba.

Amma a nan ne ya kamata a yi hattara. Malaman hadisi, Allah Ya saka musu da alheri, ba sa ƙirga riwaya biyu a matsayin shaidu biyu sai sun tabbatar isnadinsu bai koma ga mutum ɗaya ba. To, DuckDuckGo yana ɗebo mafi yawan sakamakonsa daga Bing ne, haka ma Yahoo, saboda haka ɗalibin da ya ga ukun nan sun dace a kan magana ɗaya, ya ɗauka ya sami tawaturi, a haƙiƙa riwaya ɗaya ya ji sau uku. Masu rumbun bayanai na kansu kaɗan ne, daga cikinsu akwai Google, Bing, Yandex na Rasha, Baidu na Sin, sai Brave da ya shigo a 2021.

Sai kuma batun leƙen shafi kafin a shiga. Google ya taɓa nuna hoton shafi a gefen sakamako daga 2010, ya daina a 2013. A yau mai wayar Android, in ya danna adireshi ya riƙe a cikin Chrome, zai iya leƙa shafin ba tare da ya bar inda yake ba, ko da yake data tana tafiya duk da haka. Wanda ya fi yaudara shi ne ɗan hoton da WhatsApp ke liƙa wa adireshi, domin mai shafin ne da kansa yake zaɓar hoton da kanun, ta yadda ɗan damfara zai iya ɗora tambarin gwamnati a kan sanarwar ɗaukar ma'aikata ta ƙarya. Abin dubawa shi ne ƙarshen adireshin, ko gov.ng ne ko edu.ng, waɗanda ba a ba kowa sai hukumomin gwamnati da makarantun da aka tantance.