Tseren Babura a Tsibirin Man: Wa ke da Alhakin Ran Mahayi?

A ƙarshen watan Mayu na kowace shekara, wani ɗan ƙaramin tsibiri da ke tsakanin Ingila da Ailan yakan rufe titunansa na yau da kullum ya miƙa su ga masu tseren babura. Sunansa Tsibirin Man, gasar kuma TT ake kiranta, an fara ta tun 1907. Tsibirin yana da majalisar dokokinsa, kuma ita ce ta halatta rufe hanyoyi domin tsere a lokacin da dokar Birtaniya ta hana. Hanyar da ake bi tun 1911 tana da tsawon kilomita 60 da 'yan kai, da kwana fiye da 200. Tana ratsa gari da ƙauyuka, ta haye tsaunin Snaefell, ta gangaro. A gefenta akwai katangun dutse, da bishiyoyi, da turakun waya, da ƙofofin gidajen mutane.

Wanda ya lashe babbar gasar 1911 ya yi ta ne da matsakaicin gudun da bai kai kilomita 80 a awa ba. A 1957 Bob McIntyre ya zama na farko da ya zagaye hanyar da gudun mil 100 a awa, wato kimanin kilomita 160. A 2023 Peter Hickman ya zagaye ta cikin minti 16 da daƙiƙa 36, matsakaicin gudunsa kusan kilomita 219 a awa. An gyara kwalta, an faɗaɗa wasu wurare, amma katangun suna nan inda kakanni suka gina su. Masana kimiyya sun ce idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo yakan ninka sau huɗu. Mai karatu ya yi lissafin da kansa.

Fiye da mahaya 260 sun rasa rayukansu a kan wannan hanya, idan aka haɗa da gasar Manx Grand Prix da ake yi a kanta. A 2022 kaɗai mutum shida suka mutu sakamakon haɗurran TT. Cikinsu har da uba da ɗansa, Roger da Bradley Stockton, waɗanda ke kan babur guda mai mazaunin gefe.

Ba yau aka fara ƙorafi ba. Da can TT tana cikin jerin gasar cin kofin duniya. A 1972 ɗan Italiya Gilberto Parlotti ya mutu a kan tsaunin ana ruwan sama, sai abokinsa Giacomo Agostini, wanda ya lashe TT sau 10, ya ce shi da tsibirin har abada. Wasu manyan mahaya suka bi sahunsa. Bayan gasar 1976 hukumar babura ta duniya, FIM, ta cire tsibirin daga jerin, aka mayar da gasar Birtaniya filin Silverstone. Daga nan tseren babura ya rabu gida biyu: masu tsere a filin da aka gina domin tsere, da masu tsere a titin gari.

Gida na farko, wanda a yau ake kira MotoGP, ya koyi darasinsa da jini, amma ya koya. An matsar da shinge nesa da hanya, an shimfiɗa tsakuwa a bayan kowace kwana domin mahayin da ya faɗi ya ja jiki ya tsaya kafin ya isa bango, an jera katifun iska a inda ba a iya rushe bangon. Bayan mutuwar ɗan Japan Daijiro Kato a Suzuka a 2003, aka daina zuwa filin, aka kuma kafa kwamitin da mahaya ke zama da masu shirya gasa a kowane zagaye su faɗi abin da suka gani. Tun 2018 wajibi ne rigar fatar mahayi ta kasance da jakar iska mai kumbura. A 2020 a Ostiriya, babura biyu da suka yi karo suka tashi suka ratsa kusa da Valentino Rossi da Maverick Viñales, saura ƙiris. Zuwa 2022 an ƙara kwana a wurin domin rage gudu. Har yanzu ana mutuwa a can, kamar Marco Simoncelli a Malesiya a 2011, wanda babura na bayansa suka buge. Amma faɗuwa a MotoGP ta zama abin da mahayi kan tashi ya karkaɗe jiki daga gare ta.

A titin gari babu wannan rangwame. Ba wanda zai rushe coci da gidajen jama'a tsawon kilomita 60 domin ya zuba tsakuwa. Magoya bayan gasar suna cewa babu wanda aka tilasta wa. Tun da aka cire ta daga gasar duniya, ba mahayin da ke zuwa don neman maki. Baligi ne ya zaɓa da idonsa biyu. Hujjar tana da ƙarfi, kuma iyalan Dunlop na Arewacin Ailan su ne shaidarta mafi ɗaure kai. Joey Dunlop, wanda ya lashe TT sau 26, ya mutu a tseren titi a Estoniya a 2000. Ƙanensa Robert ya mutu a 2008 yana gwajin gasar North West 200. Kwana biyu bayan haka ɗansa Michael ya hau babur ya lashe tseren da uban ke shirin shiga. Wan Michael, William, ya mutu a 2018. Michael bai sauka ba, har ya zarce tarihin baffansa a 2024. Wa zai tsaya gaban irin wannan mutum ya ce masa bai san abin da yake yi ba?

Sai dai a ganina hujjar tana rufe abin da bai kamata ta rufe ba. Mahayi ya yarda da katanga, bai yarda da sakaci ba. A 2018, bayan haɗarin da ya kashe Dan Kneen, aka ɗaga jar tuta, aka umarci wasu mahaya su juyo ta hanyar da suka fito, alhali motar jami'ai na tafe a guje zuwa wurin haɗarin. Ta yi karo da Steve Mercer, ya samu munanan raunuka. Wannan ba laifin bishiya ba ne. A 2007 babur ya kuɓuce ya faɗa inda 'yan kallo suke, mahayin da 'yan kallo biyu suka mutu. Su kuma da me suka yarda? A 2022 ma an sanar da mutuwar Olivier Lavorel, bayan kwanaki aka gano abokin tserensa César Chanal ne ya mutu, shi Lavorel yana asibiti. Ya cika bayan wasu watanni. A yi tunanin halin da iyalai biyu suka shiga.

Masu shirya gasar sun yi gyare-gyare, kuma adalci ne a faɗa. An hana juyowa bayan jar tuta sai an tabbatar hanya ta tsarkaka. An rage yawan masu shiga kowane tsere, an sa na'urar bin sawu a jikin babura, an ƙara wuraren da aka haramta wa 'yan kallo tsayawa. Dama can ana sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya da tazarar daƙiƙa 10, kuma jirage masu saukar ungulu na jiran ko-ta-kwana da likitoci. Abin lura shi ne kusan kowane gyara ya zo ne bayan an yi rashi. Kuma mahayan titi, waɗanda da yawansu makanikai ne da masu ƙananan sana'o'i da ke tara kuɗin taya da guminsu, ba su da irin nauyin muryar da Agostini ya yi amfani da ita. Wanda ya ƙi hawa, akwai wani a layi.

Gwamnatin tsibirin kuwa ita ke tallata gasar, domin dubban baƙi da ke cika masaukai cikin makonni biyu. Mai cin riba shi ne kuma mai sa ido, kura ce da ajiyar nama. Mafi dacewa a ce wata hukuma mai zaman kanta ce ke binciken kowane haɗari tana wallafa sakamakonsa, kamar yadda ake yi wa jiragen sama.

Mai yiwuwa ma ba majalisa ce za ta yanke hukunci ba. A farkon 2023 ƙungiyar babura ta Arewacin Ailan ta sanar da soke gasannin titi na shekarar saboda tsadar inshora, sai da magoya baya suka yi karo-karo kafin wasu su dawo. Gasar Ulster Grand Prix, wadda aka fara tun 1922, rabonta da gudana tun 2019.