Kafin Ka Sayi Babur Ɗan Italiya Na Hannu

Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina a shekarun 1970 da 1980 ya san babur ɗan Italiya, ko da bai taɓa tambayar daga ina ya fito ba. Vespa ke nan, abin hawan malaman makaranta da akawu da ƙananan 'yan kasuwa. Kamfanin Piaggio ne ya fara ƙera ta a 1946 a garin Pontedera, kuma injiniyan jiragen sama ne, Corradino D'Ascanio, ya zana ta. Har gobe za ka ga dattijo a kanta, da babbar riga da tayar safiya a gefe, yana murɗa giya da hannun hagu. Ba ƙarfin ƙarfenta kaɗai ya kai ta wannan shekaru ba. Ta samu makanikai da suka san cikinta da bayanta, ta samu kayan gyara da ke shigowa daga Indiya, inda kamfanonin Bajaj da LML suka daɗe suna ƙera irinta. Babur da ya samu waɗannan biyun yakan tsufa a hannun mai shi. Wanda ya rasa su, zaure ne makomarsa, a lulluɓe shi da tsohon bargo.

Na kawo wannan ne saboda samarinmu masu ɗan hali da idonsu ya koma kan manyan babura masu ruri, musamman Ducati da Aprilia da Moto Guzzi da MV Agusta. Sabo fil ya fi ƙarfin yawancin mutane, don haka na hannu ake nema, wanda aka shigo da shi daga Turai ko Amurka ta Legas ko Kwatano. Sau da yawa kuma farashin yakan ba da mamaki, ka ga Ducati mai shekara goma sha biyar bai fi Honda ko Yamaha sa'ansa tsada ba. Akwai dalili. A can ƙasashen, mai babur yakan sayar da shi ne daidai lokacin da babban sabis ya ƙarato, ya bar wa mai saye ɗawainiyar. In aka yi rashin sa'a, kai ne mai sayen.

Ba gaskiya ba ne abin da ake yawan faɗa cewa baburan Italiya ragwaye ne. Abin da ba sa yafewa shi ne sakaci. Boxer ko Jincheng za ka iya wuce lokacin juye da wata biyu, ya yi ɗan tari ya ci gaba da tafiya. Ducati ba ya wannan haƙurin, kuma sai an leƙa cikin injinsa ake gane dalili.

A kusan kowane inji, akwai abin da ke tura bawul ya buɗe, sannan sifirin ya mayar da shi ya rufe. Injiniyan Ducati, Fabio Taglioni, ya bi wata hanya daban tun a 1956 a baburan tsere: hannun ƙarfe ɗaya ya buɗe bawul, wani hannun ya ja shi ya rufe. Wannan tsari shi ake kira desmo, kuma shi ne ya zama tambarin kamfanin na garin Bologna shekaru da dama. Amfaninsa shi ne bawul ba ya ɓata lissafi komai gudun inji. Wahalarsa kuwa, kowane bawul yana da tazara biyu da za a auna, ta buɗewa da ta rufewa. Inji mai silinda biyu da bawul huɗu, wuri takwas ke nan. Mai bawul takwas, wuri goma sha shida. Ba kuma da sukudireba ake daidaita su ba, sai an canza wasu 'yan ƙananan ƙarafa masu kauri daban-daban, waɗanda bambancinsu bai kai kaurin takarda ba. A tsofaffin samfura ana wannan aiki duk bayan kilomita 10,000 zuwa 12,000. Na baya-bayan nan sun fi jinkiri, har Multistrada V4 da ya fito a 2021 ya ajiye desmo gaba ɗaya ya koma sifirin, ana duba bawul ɗinsa bayan kilomita 60,000. To amma ba irin wannan ne ke zuwa kasuwarmu da araha ba.

Sai maganar bel. Yawancin Ducati masu silinda biyu suna da bel guda biyu na roba masu haƙora, su ke haɗa motsin fistin da na bawul. A tsofaffin, ƙa'ida ita ce a canza su duk shekara biyu ko bayan kilomita 20,000, duk wanda ya riga zuwa. Lura da wannan: ko ba a hau babur ba, roba tana tsufa. Babur da ya shekara uku a ajiye a gareji a Jamus, ya yi wata biyu a cikin kwantena, mitarsa na nuna tafiya kaɗan, ya fi wanda ake hawa kullum haɗari. Ranar da bel ya tsinke inji na gudu, fistin zai daki bawul, kuma kuɗin gyaran yana iya kusantar kuɗin da aka sayi babur ɗin. Mai sayen doki yakan buɗe bakinsa ya duba haƙora kafin ya yi tayi. Mai sayen Ducati ma sai ya sa a kwance murfin bel ya gani da idonsa. Ko ya ga kamar lafiya, in babu takardar da ta nuna ranar da aka canza, ya ɗauka ba a canza ba, ya cire kuɗin daga tayinsa.

Takardu su ne rabin darajar irin wannan babur. Littafin sabis mai hatimi da rasit na gyare-gyare sun fi fenti mai ƙyalli. Ducati na shekarun 2000, irin su Monster 620, suna zuwa da makulli ja da wani kati mai lambar sirri, kuma da jan makullin ne ake saita sabbin makullai. Dillali zai ce maka ba shi da wani amfani tunda baƙin makullin yana tayar da babur. Ranar da baƙin ya ɓata za ka gane amfaninsa, domin sai dai a canza kwamfutar babur ɗin ko a aika ta wani wuri a buɗe. Ka duba lambar jikin firam ta dace da ta takardun kwastan. Ka kuma tambaya ko mitar mil take ƙirgawa ko kilomita, don na Amurka da Ingila mil ne, mil 20,000 kuwa kilomita 32,000 ne. Da yawa daga cikin waɗanda ke fitowa daga Amurka gwanjon kamfanonin inshora ne, wato sun taɓa faɗuwa. Wannan ba lallai ya hana saye ba, amma a duba ƙarfen da ke tare kan babur in an juya shi har ƙarshe, a duba ko ƙafafun gaba sun karkace ko suna yoyon mai, a tsaya daga baya a ga ko tayoyin biyu suna kan layi ɗaya.

Kada ka yarda a ɗumama maka inji kafin ka iso. Taɓa shi da hannu ka ji sanyi, sannan a tayar a gabanka. A nan hayaƙi da ƙara da wahalar tashi ke fitowa fili. Sai dai akwai ƙarar da ba ciwo ba ce: Ducati da yawa suna da busasshen kuloci wanda ba ya cikin baƙin mai, yana kacau-kacau kamar wani abu ya kwance, alhali haka aka yi shi. Makanikin da ya ji wannan ya ce a sauke inji, ka ɗauke babur ɗinka ka yi gaba. Ka tafi da mitar wuta ka ɗora a batir inji na aiki. In ba ta nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5 ba, caji na da matsala, kuma wannan tsohon ciwo ne a baburan Italiya na shekarun 1990. A gefen taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Taya mai 2318 an yi ta ne a mako na 23 na 2018, komai kyan zanenta ta bushe.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Moto Guzzi, wanda ake ƙerawa a Mandello del Lario a bakin tafkin Como tun 1921, ya fi sauƙin riƙo. Silindoji biyun sun leƙo dama da hagu, murfinsu a fili, ana daidaita bawul da sifana da sukudireba, babu bel, babu ma sarƙa, sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya. A ƙasa mai ƙura wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Abin tambaya a kansa shi ne injin 1200 mai bawul takwas na wajejen 2008 zuwa 2012, wanda ya yi fama da cinyewar ƙarafan da ke tura bawul. A tabbatar an yi masa canjin da kamfanin ya fitar. Aprilia RSV Mille da Tuono na farko suna ɗauke da injin Rotax na Ostiriya, wanda ya yi suna wajen juriya. MV Agusta kuwa, duk da tarihin zakaran tserensa Giacomo Agostini da kyan da ba a musu, ba zan ba wanda ke nesa da Legas ko Abuja shawarar ya fara da shi ba, don kayansa ko a Turai jira ake yi. Benelli na yanzu sunan ne na garin Pesaro, amma tun 2005 kamfanin Qianjiang na ƙasar Sin ne mai shi, kuma a can ake ƙera shi. Ba aibu ba ne, illa dai kada a caje ka kuɗin Italiya.

In ka saya, ƙasarmu ma tana da nata sharuɗɗan. Littafin yawancin waɗannan babura yana neman fetur mai okten 95, wanda ake samu a gidajen manmu kuwa galibi bai kai haka ba, balle na 'yan bumburutu da ke zuwa da ruwa da datti ya toshe famfon mai. Baƙin mai sai na babur, irin kaurin da littafi ya faɗa, ba na mota ba, musamman in kulocin a cikin mai yake. Da hunturu, matatar iska ba za ta kai wa'adin da aka rubuta don titunan Milan ba. Man birki ana canza shi duk shekara biyu, ko da bai ragu ba. Kayan da ka san za ka buƙata, bel da filta da fulogi da takalmin birki, ka yi odarsu tun ba su ƙare ba, domin da Yuro ake saye, kuma makonni suke yi a hanya.

Hawan ma sai an koya. Boxer 100 ƙarfinsa bai wuce na doki takwas ba. Monster 696, wanda ake ɗauka ƙarami ne a gidansu, tamanin ne. Injin ba ya son tafiyar hawainiya, in ka bar shi a babbar giya yana ƙasa-ƙasa sai ya riƙa fizga. A cunkoson Kwari ko Sabon Gari da azahar, zafin silindar baya zai gasa maka cinya, kan kuma ba ya juyawa sosai, don haka kwana a lungu yakan kayar da sabon shiga a tsaye. Birkin gaba yana kamawa da yatsa biyu, kuma da yawa daga cikin tsofaffin ba su da na'urar ABS da ke hana taya cijewa, wadda sai a 2016 Tarayyar Turai ta fara wajabta ta a kan sabbin manyan babura. Yashi a bakin kwalta, akuya, ko Adaidaita Sahu da ya juya ba sigina, ga kuma hannu da ya saba damƙe birkin ƙaramin mashin da ƙarfi: haka yawancin faɗuwar farko ke faruwa. Rami ɗaya a gudu yana lanƙwasa rim, shi ya sa masu dogayen ƙafa irin su Multistrada suka fi na tsere dacewa da hanyoyinmu. Hular kwano mai rufe haɓa, safar hannu, jaket da takalmi mai rufe idon sawu, a lissafa su cikin kuɗin babur tun farko. A kuma binciki dokar jiha, tunda wasu jihohin Arewa sun taƙaita zirga-zirgar babura saboda tsaro.

Saboda haka kafin ka je wurin dillali, je ka wurin makaniki. Tambaye shi ko ya taɓa auna desmo, ya nuna maka kayan aunawar, ya gaya maka inda yake samo bel. In ka same shi, ka kuma ware kuɗin sabis na farko daban da kuɗin saye, to ka yi tayi. In ba ka same shi a garinku ko garin da za ka iya kai babur a mota ba, ka nemi ɗan Japan, ko ka gyara Vespar da ke zauren gidanku.