Yadda Za A Adana Guzuri Idan Kwana Ya Kama A Daji

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomin albasa daga Aliero, ya rubuto yana cewa: "Mukan kwana a bukka a fadama muna gadin albasa. Wani lokaci kuma mota ta lalace mana tsakanin Jega da Maiyama, mu kwana a hanya. Kullum sai ɓera ko dila sun yi mana ɓarnar guzuri. Ina dabara?"

AMSA: To Malam, mun gode da wasiƙarka. Abu na farko, ka daina yin matashi da ƙunshin abincinka. Dabba da hanci take farauta, inda ƙanshi yake nan za ta nufa. In guzuri na ƙarƙashin kanka, kai da kanka ka kira ta. Ga shi kuma inda ɓera ya saba zuwa, maciji na biye da shi.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A gandun dajin Yellowstone na ƙasar Amurka akwai wata ƙatuwar dabba mai suna beya, wadda takan kashe mutum. Masu kwana a dajin dole ne su rataye abincinsu sama da ƙafa 10 daga ƙasa, kuma ana gargaɗinsu su kwanta yadi 100 nesa da inda suka yi girki. Tun 1970 hukumar gandun ta rufe jujin da dabbobin ke ci, don an gane cewa dabbar da ta ɗanɗana abincin mutum ba ta daina dawowa. Dila da karen daji ma haka suke.

Saboda haka ka riƙi busasshen guzuri, kamar ƙuli-ƙuli, garin rogo, dakuwa, kilishi da soyayyar gyaɗa. Fura da tuwo a gama da su ranar farko. Ka zuba komai a gwangwani ko bokiti mai murfi, domin buhu da leda ba sa hana ɓera. Sai ka ɗaure da igiya ka rataye a reshe, nesa da gindin itacen da kuma shimfiɗarka. Ka shafa toka da ɗan mai a igiyar saboda kiyashi. Ƙayar kifi da sauran abinci a binne su can nesa, kwano kuma a wanke kafin a kwanta.

Wani abin lura, duk abincin da ɓera ya taɓa a zubar da shi, kada a ce asara ce. Fitsari da kashin ɓera na yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Asarar mudun gari ta fi sauƙi bisa ga jinya. Wanda zazzaɓi ya kama ya ƙi sauka, a hanzarta kai shi asibiti.

Da fatan ka gamsu. Allah Ya ba da kasuwa, Ya kai mu gida lafiya.