A-kori-kurar Kawu da Itacen Girkin Birni

Hutun makaranta uku a jere na yi ina bin kawuna a matsayin yaron mota. Motarsa a-kori-kura ce ƙirar Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Fentinta ya daɗe da koɗewa, amma injinta bai taɓa kwanar da mu a daji ba. Da an sallame sallar asuba muke barin Kano, mu bi titin Zariya, a Kwanar Dangora mu karya hagu mu nufi Tudun Wada, hanyar da ke ratsa dajin Falgore ta wuce Saminaka.

Kawu ba ya sara. Mutanen ƙauye ne ke saro itacen su jibge a bakin hanya, shi kuma ya saya. Kafin a fara ciniki yakan ɗauki guntaye biyu ya gwara su. Busasshe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ɗanye kuwa sai ka ji dum. Wata rana ya miƙo mini wani gungume ya ce, “Ɗaga ka ji, ɗan nan. Wannan ruwa za mu saya mu kai birni.” Da gaskiyarsa: itacen da aka sare jiya kusan rabin nauyinsa ruwa ne, ya wahalar da mota a hanya, ya je ya cika wa mai girki ido da hayaƙi.

Marke ya fi nema, don yana ci a hankali, wutarsa na da ƙarfi, masu gidan burodi ba sa jayayya a kan kuɗinsa. Kirya ta fi kowa garwashi, shi ya sa maƙera ke son gawayinta. Taramniya da sabara na matan gida ne da masu kosai. Amma ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, ko kyauta aka ba shi ba ya ɗauka. Yakan ce bishiyar da ke ba mutum daddawa da man kaɗe ba ta cancanci murhu ba.

Lodi shi ne sana'ar, kuma a nan ake gane direba. An ƙera irin wannan mota ne don kayan da ba su wuce kimanin tan ɗaya ba, amma wanda ya ɗauki tan ɗaya kacal kuɗin mai ma ba zai fitar ba. Don haka kowa yakan je wajen bakanike a ƙara masa ganyen sifirin a baya, a kafa sanduna a gefen bodi don kaya su yi tudu. Manyan gungume su ne a ƙasa, a matso da su jikin kan mota, ƙanana su cike ramuka, sirara su hau sama. Idan nauyi ya koma bayan tayoyin baya, gaban mota yakan ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannu, a kwana ka murɗa ta ƙi bin ka. Idan kuma tudun ya yi yawa, rami ɗaya ya isa ya kwantar da ita. Igiya uku muke ɗaurawa, Kawu ya taka taya ya ja da dukan ƙarfinsa, bayan tafiyar kilomita kaɗan mu tsaya a sake ja, don itace yana zama da girgizar hanya. A gangara ba ya dogara da birki, giya yake saukewa tun daga sama. Na taɓa ganin wata da birkinta ya yi zafi ya ƙi kamawa, ta kife a gefen titi, yaron motar da ke zaune a kan kaya ya karye a cinya. Tun ranar Kawu bai sake barina na hau sama ba.

A hanyar dawowa akwai shingaye, kowanne da abin da ake miƙawa, ba kowane ne ke ba da rasit ba. Mu iso gari da la'asar, mu sauke wa mai faskare, shi kuma ya farfasa ya kasa kashi-kashi.

Ina jin zafin yadda ake ɗora wa direbobin nan laifin ƙarewar daji su kaɗai. Wa ya aike su? Tukunyar birni ce. Kakata ta ce a zamaninsu a kan jakuna ake shigo da itace daga ƙauyukan da ke kewaye da ganuwa. Da gari ya cika, jaki ya kasa, mota ta karɓa, kuma kowace shekara sai ta ƙara nisa kafin ta cika. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Gas da kananzir ma suka yi tsada, gidaje da yawa da suka bar murhu suka koma masa. Direba ya samu masu saye, amma man zuwa da dawowa ya cinye ribar, sai ya ƙara tudun lodi, ya daina zaɓen itace. Ban wanke su tas ba. Akwai masu sayen abin da aka sato daga gandun daji da dare, sun kuma sani. Sai dai wanda ya hana motar shigowa bai kawo wa mai kosai abin da za ta hura gobe ba, bai gyara komai ba.

Bara na bi hanyar nan a motar haya. Wurin da muke yin lodi ya zama gonar masara, kututture ma babu. A-kori-kura huɗu muka yi kiciɓis da su, duk daga can kudu suka fito, bayansu ya kusa taɓa kwalta. Da na je gaida Kawu, wanda yanzu ciwon baya ya zaunar da shi, na ba shi labari. Bai tambaye ni farashi ba.

“Me ka gani a kansu?” ya ce. “Marke?”

Na ce, “Akwai marke kaɗan, Kawu. Sauran kaɗanya ce, ɗanya.”

Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce a miƙo masa buta.