Makaɗin Gita da Bai Rabu da Akwatin Rediyonsa Ba

A ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo ba a koya wa kowa darajar rediyo. Manomin albasa a fadamar Giyawa yakan rataya nasa a reshen itace, ya kama Rediyon Rima ko Kaduna, da dare kuma ya murɗa zuwa gajeren zango ya nemi BBC, wadda ta fara magana da Hausa tun 1957. Amma duk wannan saurare ne kawai, akwati na magana, mu muna ji. Akwai wani irin rediyo dabam wanda mutum yake magana ta cikinsa daga ɗakinsa, wani a wata ƙasa ya amsa masa. Shi ne rediyon 'yan sha'awa. Ya yi kama da wayar oba-oba ta 'yan sanda, sai dai nasa zangon yakan ƙetare teku.

Ga yadda abin yake. Can sama ƙwarai akwai wani sashen iska wanda hasken rana yake cika shi da lantarki. Idan muryar gajeren zango ta bugi wannan sashe, sai ta dawo ƙasa a wani wuri mai nisan dubban kilomita. Shi ya sa mai ƙaramar na'ura da batirin mota yakan iya gaisawa da mutumin Turai. Kowace ƙasa tana da harufan kiranta: na Nijeriya suna farawa da 5N, na Nijar da 5U. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ma ɗan sha'awa ne, lambarsa JY1.

Wanda muke so mu ba da labarinsa shi ne Joe Walsh, makaɗin gita na ƙasar Amurka, wanda aka haifa a 1947. Yana ɗan shekara goma sha biyu iyayensa suka koma birnin New York, inda ba shi da aboki ko ɗaya. Wata rana ya ga wayoyi a kan rufin benen da suke zaune, ya bi su har ya gane ɗakin da suka shiga, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Mai ɗakin ɗan sha'awar rediyo ne. Bai kore shi ba, ya zaunar da shi ya nuna masa kayan. Yaro ya koyi bugun tangaraho, wato harufan Mos, ya ci jarrabawa, ya sami lasisi a 1961. Lambar da aka san shi da ita daga baya ita ce WB6ACU.

Kiɗa kuwa shi ne sana'arsa. Ya yi suna a ƙungiyar James Gang, a 1975 ya shiga Eagles, yana kuma cikin waɗanda suka yi faifan Hotel California na 1976, wanda aka sayar da miliyoyinsa. Suna da kuɗi sun zo masa da nasu wahala, gama ya daɗe yana fama da giya da ƙwaya kafin ya bar su a 1994. Duk cikin wannan hawa da sauka bai yar da rediyo ba. An san shi da tara tsofaffin na'urori masu kwalabe a ciki, irin waɗanda sai sun yi zafi kafin su yi magana, yana gyaransu da hannunsa.

To, ga abin mamaki. Dokar Amurka ta hana ɗan sha'awa sa kiɗa a zangonsa, ta kuma hana shi neman kuɗi da shi. Ashe mutumin da dubban jama'a suke biyan kuɗi su ji gitarsa, in ya zauna gaban na'urarsa ba shi da ikon taɓa tsirkiya ko ɗaya. A can shi Joe ne kawai, ana tambayarsa irin eriyarsa da yadda murya take isowa. A ganina wannan ne ya riƙe shi. Wanda kowa yake yi wa tafi yana bukatar wurin da za a ce masa, “Malam, muryarka ba ta fita, gyara.”

Sha'awar kuma ta taimaki sana'ar. Abokinsa Bob Heil, mai lamba K9EID, wanda ya rasu a 2024, ya fara da kaɗa molon bututu a wani gidan wasa na St. Louis tun yana yaro, kuma ilimin rediyo ne ya mai da shi gwanin haɗa lasifikoki na manyan taro. Shi ya ƙera wa Walsh wani akwati da ke tura sautin gita ta cikin tiyo zuwa bakin makaɗi, baki ya lanƙwasa sautin har gita ta zama kamar tana magana. Ana jin irin wannan sauti a waƙar Rocky Mountain Way ta 1973. Marigayi Chet Atkins da Ronnie Milsap, mawaƙi makaho, su ma sun riƙe lasisi.

Me ya haɗa wannan da mu? A damunar 2010 Gulbin Rima ya yi ambaliya, ya cinye gonaki da garuruwa daga Goronyo har Sakkwato, ya karya gadoji. A 2021 kuma aka rufe layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda 'yan bindiga, har da Rabah da Goronyo. Mun ga yadda maganarmu duka ta rataya a kan dogayen ƙarafan kamfanoni. Rediyon 'yan sha'awa ba ya bukatar su, shi ya sa a ƙasashe da yawa ake kiran masu shi lokacin girgizar ƙasa ko guguwa.

Sai dai ba abin da za a yi a ɓoye ba ne, balle a yanki irin namu. Aika magana ba tare da lasisin gwamnati ba laifi ne. Akwai ƙungiyar 'yan sha'awar rediyo ta Nijeriya, NARS, wadda take cikin ƙungiyar duniya da aka kafa a Paris a 1925. Saurare dai ba ya bukatar izini, kuma samarinmu masu gyaran rediyo da lasifika a kasuwar Achida sun riga sun iya liƙa waya da dalma. Eriyar zangon mita 20 waya ce mai tsawon kamar mita 10, a yanke ta biyu a tsakiya, a ɗaure tsakanin itatuwan dalbejiya biyu.