Ina Ƙarfin Mustang Ɗin Ya Tafi?

Motar Ford Mustang GT ce ƙirar 2011, mai injin V8 na lita 5, wadda ta fito daga masana'anta da ƙarfin doki 412. Mai ita, wani matashi a jihar Tekzas ta Amurka, bai ƙoshi ba. Ya cire akwatin matatar iska na asali, ya ɗaura ƙaton bututu da buɗaɗɗiyar matata. Lissafinsa mai sauƙi ne: iska ta ƙaru, wuta ta ƙaru. Da ya taka totur kuwa, ƙarar ta yi daɗin ji. Amma ba a jima ba fitilar gargaɗi ta kama, motar ta fara rawa a silo, kuma da la'asar sai ta yi nauyi, alhali da sassafe lafiya lau take.

Makanike ya haɗa na'urarsa, lambobi biyu suka fito: P0171 da P0174. Ma'anarsu, iska ta rinjayi fetur a ɓangarorin injin duka biyu. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1, a ma'aunin nauyi. Tunda matsalar ta shafi ɓangarori biyu a tare, ba filogi ɗaya ba ne, ba silinda ɗaya ba. Mai laifin yana can gaba, kafin iskar ta rabu.

Zargi na farko, tsaguwa. Idan tiyo ya fashe ko ɗauri ya yi sako-sako, iska kan shiga ba a ƙirga ta ba. Aka hura hayaƙi cikin bututun, bai fito ta ko'ina ba. Zargi na biyu, man da ake shafa wa irin wannan matata, wanda kan liƙe a ma'aunin iska. Aka wanke ma'aunin, lambobin suka dawo.

A nan makanike ya tsaya ya ƙura wa ma'aunin ido. Wannan ɗan abu ba ya auna dukkan iskar da ke wucewa. Siririn ƙarfe ne a cikinsa da lantarki ke ɗumamawa, iska tana sanyaya shi, ƙwaƙwalwar motar kuma tana ƙiyasta sauran daga nan, bisa faɗin bututun da aka koya mata. Idan faɗin ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, sararin ciki ya ƙaru da kashi 44. Iskar da yawanta bai canza ba za ta bi ta cikinsa a hankali, ƙarfen ya ji sanyi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ɗauka iskar ce ta ragu, sai ta rage fetur. Kamar mai awo ne da aka sauya masa mudu bai sani ba. Ma'aunan da ke salansa suna ta neman a ƙara fetur, har gyaran ya kai iyakarsa fitila ta kama.

Aka sake rubuta wa ƙwaƙwalwar lissafin sabon bututu. Rawa ta daina, fitila ta mutu. Nauyin la'asar yana nan daram.

Sai suka fita da motar da rana tsaka, na'ura a haɗe, suka shiga cunkoso. A waje zafi digiri 35 ne, amma iskar da injin ke shaƙa ta haura 60. Buɗaɗɗiyar matatar tana zaune ne bayan lagireto, kusa da injin, tana zuƙar hucinsu. Iskar da ta tashi daga digiri 35 zuwa 65 tana rasa kusan kashi 9 cikin 100 na nauyinta a kowace lita, ga shi kuma ƙwaƙwalwa na jinkirta tartsatsin filogi idan ta ji zafi, don kada injin ya riƙa ƙwanƙwasa. Asara biyu ke nan. Akwatin asali da aka raina, daga gaban mota yake janyo iska. Masu ƙera motocin 1969 ma sun san da haka, shi ya sa aka huda bonet ɗin wasu Mustang Mach 1, bakin shaƙar ya leƙo waje.

Aka kewaye matatar da akwati mai roba a baki, wadda ke manne wa bonet idan an rufe, aka maido mata da hanyar iska daga gaba. A ganina, a injin da ba a taɓa masa komai ba, ribar wannan aiki kaɗan ce, mafi yawanta a kunne take. Aka sake shiga cunkoson, zafin iskar ya ɗan hau a tsaye, da motar ta motsa ya sauko kusa da na waje.